Abin Da Ke Cikin Furar Inno

Mufida ba ta kai rabin gwajin ba ƙafafunta suka ce ba su san zance ba.

Kuma ba wani gwajin a zo a gani ba ne. Ɗan gajeren benci ne a tsakiyar ɗakin motsa jiki na kwaleji, a hau a sauka, a hau a sauka, malama na tafa hannu, in an gama abokiyar karatu ta kama wuyan hannu ta ƙirga bugun zuciya. 'Yan ajin farko ma suna yinsa suna hira. Ita kuwa Mufida shekararta ta ƙarshe ke nan a sashen ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, kuma ita ce wadda in aka saki mata su zagaye fili, sai ta gama ta sha ruwa ta gyara hijabi kafin ta biyu ta iso. Yau ga ta dafe da bango tana haki, zuciyarta na dukan ƙirjinta kamar ana daka.

Malama Nana Hauwa ta sallami sauran ɗalibai, ta zaunar da ita, ta ɗaura mata abin awon jini a dantse. Ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Sannan ta ajiye shi ta tsura wa fuskar Mufida ido, irin kallon nan da ba ya yi wa kowa daɗi.

"Mufida, ki hwaɗa min gaskiya tsakaninki da Allah. Sha-ka-fashe kike sha?"

Ran Mufida ya ɓaci nan take. Ita? Ita da bara ta tsaya gaban aji ta yi bayani a kan ƙwayoyin nan da mata ke haɗiya don su yi ƙiba, har da hotunan waɗanda ƙodarsu ta lalace?

"Haba Malama! Ni?"

"Dubi huskarki, ta kumbura ta yi zagaye. Ga ƙuraje. Wuyanki ya cika, ƙahwahunki kuma sun ƙara shanyewa. Jininki ya hau irin na tsohuwa. Kina barci?"

"Ba sosai ba."

"Yunwa hwa?"

Mufida ta sunkuyar da kai. Yunwa kam har kunyar kanta take ji kwanakin nan.

"To in ba ki sha da hannunki ba, wani na ba ki," in ji Malama. "Ki yi tunani, mi kike ci kullum wanda ba ke kinka dahwa ba? Kuma ki saurare ni, kin san abin ga ba a yanke shi dare ɗaya. Asibiti za ki, likita shi rage miki shi sannu a hankali. In kin bari kai tsaye kina iya hwaɗuwa."

Tun kafin Malama ta rufe baki Mufida ta san amsar. Ta dai ƙi yarda da ita ne har ta shiga motar Bodinga, har aka wuce gonakin albasa, har ta sauka a tasha. Abu ɗaya ne take ci kullum wanda ba daga tukunyar gidansu ya fito ba.

Furar Inno.

Inno ita ce mahaifiyar Attahiru, kuma Attahiru shi ne mutumin da Mufida ta ƙi kowa saboda shi. Dillalin albasa ne a Shagari, kullum safiya yana biyowa ta Bodinga zuwa Sakkwato. Shekara biyu suna tare, babanta Malam Isa ya ba shi izini, magana ta kai ga sa rana, sai Inno ta tsaya ta ce ba da ita ba. Ranar da aka kai Mufida gaishe ta, tsohuwar ta kama wuyan hannunta ta zagaye shi da yatsa biyu a gaban mata, ta ce, "Wagga busassa za a kai ɗakin ɗana? Macce mai gudu da wando kamar an biyo ta? Irinsu ba su haihuwa, gudu ya ƙone musu mahaihwa." Ta kuma ce ga Safinatu nan, ɗiyar ƙanenta ta Lambara, mace a cike, wadda in ta zauna tabarma ta san an zauna.

Mufida ta yi kuka a lokacin har ta gode wa Allah. Sai kwatsam wata safiya Attahiru ya tsaya a ƙofar gida da kula a hannu, ya ce Inno ce ta dama mata fura da hannunta. Washegari ma haka. Wata biyu da wani abu ke nan ba a fasa ba. Abin da ya fi ƙona mata rai yanzu shi ne irin murnar da ta yi. Ta ɗauka tsohuwar ta sauko, har turare ta saya ta aika mata. Kullum sai ta shanye tas ta suɗe cokali, tana sa wa matar albarka.

Da ta shiga gida ba ta ce wa kowa komai ba. Ta ɗauko kular safe da ba a wanke ba, ta zuba ruwa kaɗan ta girgiza, ta juye a farin kwano ta bar shi ya kwanta. Ƙarƙashin tsakin gero ga wani farin gari nan mai laushi. Ta dangwala ta ɗora a harshe, ɗaci ya bayyana, wanda sukari da citta suka daɗe suna rufewa.

Ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallon kwanon. Inno ba ta ba ta mamaki ba. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mata a wuya, ita ce ko Attahiru ya sani.

Washegari Asabar ce, babu makaranta. Da hantsi aka yi sallama a zaure, ta ji muryarsa. Ta saka hijabi, ta ɗauki kofi ɗaya daga kwando ta fita.

Yana zaune a kan tabarma cikin farar shadda, hula a karkace, fuska sai walƙiya take. Ga kular a gefensa. Kafin ta zauna ma ya fara magana, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Mufida, albishirinki! Inno ta yarda. Wallahi ta yarda! Matar kawuna ta gan ki wurin suna ranar Laraba, taz zo tac ce kin yi kyau kin cika. Yau bayan la'asar su Kawu Ummaru za su zo a sa rana. Ni zan tuƙo su da kaina."

Abin da ta shekara tana roƙo a sujada ke nan. Ta ji shi ya shiga kunnenta ya wuce, bai tarar da kowa a ciki ba.

"Madalla," ta ce.

Ta jawo kular ta buɗe, ta cika kofin har baki, ta tura masa gabansa.

"Bisimilla, Yaya Attahiru."

Ya yi dariya. "Taki ta ai. Ni na karya tun gida."

"Kurɓi ɗaya. Hurar uwarka ta, ba ta wani ba."

"Cikina a cike yake, Mufida."

"Tun da anka hwara kawo ta ban taɓa ganin ka ɗanɗana ba. Yau ranar murna ta. Sha."

Dariyar ta fara bushewa a fuskarsa. Ya kalli kofin, ya kalli ƙofar zaure, ya gyara hular da ba ta ce a gyara ta ba. Hannunsa bai je ko kusa da kofin ba. Har zuwa wannan lokacin Mufida tana fatan ya ɗauka ya shanye ya tambaye ta ko akwai ƙari.

"Ashe ka sani," ta ce a hankali.

"Na san mi?"

"Kada ka ƙara min da rainin hankali! Ka sani!"

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, sai ya ɗauko muryar nan tasa ta lallashi, wadda yake saye albasa da ita a hannun manoma.

"Mufida, ki kwantar da hankalinki. Ɗan maganin ƙarin jiki na kawai. Dut amare suna sha, har ƙannena sun sha kahin bikinsu, ga su nan lahiya lau da ɗiyansu. Inno tac ce in ba ki cika ba ba ta yarda har abada. Mi kike so in yi? In zuba ido a ɗaura min Safinatu?"

"Wa yas sayo?"

Ya kawar da kai.

"Inno ba ta zuwa kemis. Wa yas sayo, Attahiru?"

Yau ko Yayan ma babu. Ya ji, ya kuma san ya ji.

"Ni nis sayo," ya ce. "Amma don ke niy yi. Don mu."

Hawaye suka zubo mata, masu zafi, ba na tausayin kai ba, na baƙin ciki tsantsa. Ba ta share ba.

"Don ni? Ka san jiya malamata ta auna jinina tac ce irin na tsohuwa na? Ka san ban iya hawa benci ba, bencin da yara ka tsallakewa? Gwajin ƙarshe na nan tahe, gudu na da tsalle, shi za a duba a ba ni takarda. Shekara ukku ina bin motar haya rani da damina, kai ka zauna ka niƙe min su cikin hura!"

"Ban san yana hawan da jini ba, wallahi ban sani ba."

"Ƙarya kake! A zauren ga, bisa tabarmar ga, nik karanta maka bayanin da zan yi gaban aji. Nic ce yana lalata ƙoda, yana kawo ciwon suga, yana cinye ƙashi. Ka tahwa min kac ce matarka likita ta. Ko ba ka ji ba, huskata kawai kake kallo?"

Gaskiyar magana ita ce ya ji, ya dai ɗauka irin abin nan ne na littafi da ba ya faruwa da mutanen da ka sani. Haka maza da yawa suke, karatun mace abin ado ne a wurinsu, a nuna wa abokai, amma in magana ta zo ta gaske sai a koma ga abin da tsofaffi suka ce.

"Kuma ka san abin da yah hi ci min rai?" in ji Mufida. "Ko bari ban da ikon yi. Sai na tahi asibiti an ci gaba da ba ni shi ana ragewa. Gubar da kab ba ni, yanzu da hannuna zan riƙa haɗiyarta."

Nan fa kunya ta juye masa ta zama fushi, kamar yadda take yi wa maza in an ritsa su.

"To na ji, na yi kuskure. Amma ke ma ki dubi Allah! Wace macce ta a Bodinga ka hita da asuba tana gudu bayan makaranta? Kin san irin maganar da nike sha a kasuwa saboda ke? Na haɗiye dut. Ko dai Mansur ɗin nan na ajinku, mai zaryar zuwa wurin Baba, shi ya hure miki kunne kike neman dalili?"

Mufida ta miƙe tsaye. Mansur ya zo neman aurenta sau ba adadi, ko ruwa ba ta taɓa kai masa ba, kuma Attahiru ya fi kowa sanin haka.

"Mansur bai taɓa ba ni abin da shi ba ya iya sha ba," ta ce. "Tashi ka tahi."

"Mufida, don girman Allah. Ki yi shiru yau kawai. A sa rana, a ɗaura, bayan nan ki bar maganin, ki yi gudunki har Dingyaɗi in kina so. Inno ta rantse in su Kawu sunka komo yau babu rana, goron nan Lambara za a wuce da shi. Kin san rantsuwarta."

"In na rame bayan biki hwa? Mi za ku zuba min kuma, a cikin mi?"

Ta juya ta shige gida, ta bar shi da kofin a gabansa.

Mahaifiyarta, Inna Zulai, na tsakar gida tana tsince shinkafar baƙi, don tun safe aka aiko wa Malam da saƙon zuwansu. Ganin fuskar 'yarta ya sa ta ajiye faifan. Mufida ta durƙusa a gabanta ta kwashe komai ta faɗa mata, tana yi tana shessheƙa, tana jiran uwarta ta yi salati ta dafe ƙirji.

Inna ba ta yi salati ba. Ta ɗauki faifan ta ci gaba da tsintar da babu sauran tsakuwa a ciki.

"Inna?"

"Ki rage murya, babanki na ɗaki."

"Inna, ke ma?"

"Ban sa da hannuna ba," in ji Inna, idonta a kan shinkafa. "Amma ina da ido. Macce ba ta cika haka cikin wata biyu da hura kaɗai. Nag gani, nis sa bakina nik kulle. Ke kinka ce shi ko ba kowa. Ke ka kwana kuka kina hana ni barci. Sa'o'inki dut suna goye da na biyu, ni ka shan tambaya gidan suna da gidan biki. Hanya ta buɗe, sai in toshe ta?"

"Ko da za ta kashe ni?"

"Kai, rufa min baki! Wa yam mutu? Mu an dama muna abin da yah hi wanga, ga mu nan."

"Ga ku nan da hawan jini, Inna! Wa ka auna ki kullum Jumma'a? Wa ka fitar da ke tattaki kina zagina? Ni da niy yi niyyar in na gama in tara matan unguwa in koya musu yadda za su kula da jikinsu, da wace huska zan tsaya gabansu? Da wagga?"

Ta nuna kumatunta da yatsa. Sai a lokacin idon Inna ya kawo ruwa, ta kawar da kai. Amma ba ta ba da haƙuri ba, ta dai ce, "Ki wanke huska ki sa lalle. Abin da ya wuce ya wuce."

Mufida ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ba ta ci abincin rana ba duk da yunwar maganin na yagar cikinta. Ta so ta tsane shi ta huta, abin ya ƙi. Sai ta tuna ranar da motar haya ta lalace da su a hanya cikin ruwan sama, ya bar buhunan albasarsa a kasuwa ya zo ya ɗauke ta don kada jarrabawa ta wuce ta. Mutumin nan ɗaya ne da wanda ya tsaya a kemis ya ce a ba shi sha-ka-fashe. Tana son sa, kuma haushin son ya fi haushin maganin.

Bayan la'asar ta ji tsayuwar mota, ta ji sallamar dattawa da gaishe-gaishe masu tsawo. Can sai takun babanta ya nufo ɗakinta. Malam Isa mutum ne da ba ya ɗaura wa 'ya'yansa komai sai ya ji daga bakinsu, ko da kuwa ya san amsar.

Ya tsaya a bakin ƙofa, Inna na bayansa tana murza hannu.

"Mufida, mutanen Shagari sun iso da goro. Suna son bayan ƙaramar salla. In ba su?"

Inna ta zuba mata ido, tana girgiza kai a hankali, roƙo ƙarara. Kalma ɗaya ce tsakaninta da Attahiru. Ta ce to, shi ke nan.

Ta durƙusa. Ta faɗa wa babanta abin da ke cikin furar, da wanda ya sayo, da abin da Malama ta gani a awon jini. Sunan Inna ne kawai ba ta ambata ba. Malam Isa bai katse ta ba, amma tasbahar da ke hannunsa ta daina tafiya.

"To mi kike so in ce musu?" ya tambaya.

"Baba, wadda sunka zo sa wa rana ba ni ba ta. Magani na. Ka ce su jira in tahi asibiti in koma yadda Allah yay yi ni. Wanda ka so na a haka, shi komo."

"Mufida!" Inna ta fashe da kuka. "Lambara za su wuce! Wallahi Lambara za su wuce!"

"Na sani, Inna."

Malam Isa ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sannan ya gyara babbar rigarsa ya juya zaure, tafiyarsa ba irin wadda ya shigo da ita ba.

Daga ɗaki tana jin muryoyi sun tashi, ta Kawu Ummaru ta fi ta kowa, sannan ta babanta, wadda ba ta taɓa jin ta kai haka ba. Aka ja takalma. Aka buga ƙofofin mota da ƙarfi. Injin ya tashi, ƙarar ta yi nisa har ta ɓace. Mufida ta kifa kanta a kan gwiwa, kukan da take riƙewa ya ƙwace.

Ba ta ji dawowar babanta ba sai da ya yi gyaran murya.

"Sun tahi da goronsu," ya ce. "Amma yaron ya miƙa wa kawunai makullin mota, ya ƙi shiga. Yana tsaye ƙohwar gida cikin rana. Yac ce ba shi gusawa sai kin hito ko da zagi na ki yi mai."

Inna ta share hawaye da sauri, ta ɗauko hijabi daga kan ƙofa ta miƙa mata. Zuciyar Mufida ta yi tsalle, har ƙafarta ɗaya ta sauka ƙasa kafin ta san ta motsa. Sai jiri ya ɗebe ta, ɗakin ya juya, ta dafe gado har ya lafa.

Ta mayar da ƙafar. Ba ta karɓi hijabin ba.

"Baba, ka ce mai zagi ba ni da shi. In da gaske yake, Litinin da sahe shi zo shi kai ni asibiti, shi tsaya gaban likita shi hwaɗi da bakinai abin da yab ba ni da yawan da yab ba ni. Sannan shi tahi Shagari shi maimaita gaban Inno." Ta haɗiye kukan da ya taso mata. "In ba shi iyawa, ka nuna mai hanyar tasha tun motocin Lambara ba su ƙare ba."